Fankar da Ka Ɗaura da Hannunka, Baba

Ranar Laraba, sha tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Mahaifina ya rasu a gadon asibiti, hannunsa ɗaya a cikin nawa, ɗayan a cikin na Inna. Na Allah muke tun asali, kuma wurinsa kowa zai tattara ya koma. Direbobi da masu gareji sun san shi da Bi-a-sannu, mai gyaran wutar mota. Mu a gida Baba muka sani. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma tun da aka kai shi makwancinsa nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin abin da ke cikina ba yabo kaɗai ba ne. Yau na ce bari in rubuta, in yi magana da kai ba shamaki, Baba, kamar yadda muka saba a bakin gareji, kai kana kan benci, ni ina zaune a kan mataccen batir.

Ba a banza sunan nan ya kama ka ba. In aka kawo mota, mai ita yana kumfar baki yana cewa a cire wannan a sayo wancan, sai ka zaro ƙwan gwajinka daga aljihun gaba, ɗan ƙwan fitilar nan mai waya biyu da ka haɗa da kanka, ka ce, “Bari mu tambayi motar tukuna.” Kullum daga ƙaramin abu kake farawa. Ka duba fiyus, ka duba rile, ɗan akwatin nan da ke buɗe wa wuta hanya, ka bi waya taku bayan taku, sai komai ya wanke kansa sannan ka ɗora wa babban abu laifi. Na tuna wani direban bas da aka gaya wa fankar lagiretonsa ta mutu. Ya zo idonsa jawur, domin ba shi da halin sayen wata, ga iyali suna jiran abin da bas za ta kawo. Ka durƙusa, ka laluba, ka tarar wayar ƙasa ce ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta. Ka kankare wurin da bakin wuƙa, ka ɗaure, fanka ta tashi. Da ya sa hannu a aljihu ka ce ya bari, tsatsa ce ka kankare, kuma ba ka sayar da tsatsa.

Ranar aurena kai ne na ƙarshen isowa. Ka shigo da baƙin mai a hannun farar rigarka har gwiwar hannu, saboda ka tarar da wani baƙo a hanya, motarsa ta tsaya da mata da yara a ciki. Inna ta dube ka sama da ƙasa ta ce, “Wannan bawan Allah, ko a hanyar kabari ya ga bonet a buɗe sai ya ce a sauke shi.” Ka yi dariya har da riƙe ciki, muka taya ka.

Kai ka koya min riƙe sifana tun kafin in iya ɗaura ɗankwali da kyau. Abokanka suna yi maka tsiya, wai me mace za ta yi da waya. Ka ce musu wuta ba ta san mace ko namiji ba, mai gaggawa kawai take ja. Ban bi sana'ar ba, na zama malamar makaranta, amma hannuna bai manta ba. Uwata kake kira na, don sunan mahaifiyarka ka sa min, kuma ko faɗa za ka yi min da wannan sunan kake farawa, sai faɗan ya rasa kaifi.

Ba zan iya ba da labarinka ba tare da na Baffa ba, ƙaninka, wanda har furfura ta fito masa ba ka daina kiran sa Auta ba. Iyayenku sun rasu yana ƙarami, kai ka goya shi. Kai ka koya masa aikin, kai ka yi masa aure, kai ka raba gareji biyu ka ba shi gefen da ya fi inuwa. Inna ta ba ni labarin ranar da ya haɗa waya ba daidai ba ya ƙone wa wani mutum wutar mota gaba ɗaya. Ka tsaya a gaban mutumin ka ce kai ne, ka sha zagin, ka yi aikin sabo, Baffa yana bayan tsohuwar mota a ɓoye. Ni ma a wuyansa na girma. Shi ke kai ni makaranta a babur, shi ke ɓoye min alewa a cikin akwatin kayan aiki. In an tambaye ni wa na fi so bayan kai da Inna, ba na tsayawa tunani. Na faɗi wannan ne don duk mai karantawa ya san cewa ba maƙiyi nake shirin ambata ba. Da maƙiyi ne, da abin ya zo da sauƙi.

Ciwon zuciya ya fara maka a hankali. Ƙafafu suka kumbura, hawan matakala biyu ya zama aiki. Likita ya gaya mana a fili cewa duk ranar da numfashi ya sarƙe, kada a tsaya jiƙa magani ko kiran maƙwabta, a kawo ka asibiti nan take. Ka saurare shi kamar yadda kake son masu mota su saurare ka. Da muka dawo gida ka tsaya a gaban tsohuwar a-kori-kurarka, farar nan mai kujera gaba da baya, ka dafa bonet ka ce, “Uwata, daga yau wannan ta daina ɗaukar kaya. Ita ce motar asibitina.”

Ka bi ta gaba da baya. Abin da ka fi damuwa da shi fankar lagireto ce, mai aiki da wutar batir. Ka ce min a buɗaɗɗiyar hanya mota ba ta cika neman fanka ba, iskar gudu ta ishe ta sanyaya ruwa. Sai an shiga cunkoso, mota tana rarrafe rana tana dukan ta, sannan ake sanin amfaninta, kuma hanyar asibiti ta bakin kasuwa take bi, ta hau gada, inda cunkoso ba ya yankewa. Ka sa aka nemo sabuwa mai kyau. Ba ka yarda wani ya ɗaura ba. Ka zauna a kan kujera 'yar tsugunno, kana ɗaure noti ɗaya kana hutawa, ni ina riƙe maka fankar. Da ka gama ka tsoma tsinke a jan fenti ka ɗiga a bayanta, kamar yadda kake yi wa duk abin da hannunka ya ɗaura. Muka tayar da inji muka jira ya yi zafi. Da fankar ta tashi da ƙugi sai ka yi murmushi, ka share zufa, ka ce yanzu ka sami barci. Wannan ne aikinka na ƙarshe a duniya. Washegari ka miƙa wa Baffa mabuɗin gareji.

Bayan wasu makonni Baffa ya zo ya ce bari ya kai motar ya canza mata baƙin mai, kada zama ya lalata ta. Ta kwana a wurinsa. Da ya dawo da ita ina nan. Ya durƙusa a gefen tabarmarka ya ajiye mabuɗi ya ce, “Yaya, ko yanzu aka ce a tashi, ta tashi.” Ka dafa kansa ka sa masa albarka, ka ce Allah ya ba shi masu yi masa. Ni kuma nakan zagaya da ita da sassafe lokaci zuwa lokaci don batir, hanya fayau, gari da sanyi. Allurar zafi ba ta taɓa ɗagawa ba.

Ranar Talata da tsakar rana Inna ta kira ni a makaranta. Na tarar da kai zaune a bakin gado, ka dafa gwiwoyi, kana jan iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Muka tallafe ka zuwa kujerar baya, muka tokare ka da matasai domin ba ka iya kwanciya. Inna ta zauna ta rungume kafaɗunka, ni na kama sitiyari. Motar ta tashi bugu ɗaya.

A bakin kasuwa muka shiga cunkoso. Muna matsawa taku ɗaya muna tsayawa, rana kamar ta narka kwalta. Sai na ga allura ta wuce tsakiya. Na kasa kunne ina jiran ƙugin fanka, shiru. Allura ta ci gaba da hawa. Kafin mu kai gindin gada tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, inji ya soma wani irin ƙara, dole na ja gefe na kashe. Ka buɗe ido. Kana magana kalma biyu biyu, tsakaninsu numfashi.

“Kada ki taɓa murfin lagireto. Fiyus ne. Yanzu za ki gama.”

Na yarda da kai, domin ban taɓa ganin ka yi kuskure a kan mota ba. Na zaro akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin kujera, na buɗe bonet, zafi ya bugi fuskata. Na cire fiyus na ɗaga shi a rana. Lafiya lau, bai tsinke ba. Na leƙo ta taga na gaya maka.

“Rile. Musanya da na oda.”

Na musanya shi da na oda, wato hon ɗin motar, na murza mabuɗi ba tare da na tayar da inji ba. Na ji ɗan ƙas ɗin da rile ke yi in ya kama, amma fanka ba ta motsa ba. Motoci suna wucewa a hankali, mutane suna leƙe, wani yana cewa a zuba ruwa, wani yana cewa a kira makaniki. Ka ce in zare soket ɗin fankar in sa ƙwan gwaji. Na sa, ƙwai ya kama tar. Wuta tana isowa har bakin ƙofa, ke nan duk ƙananan sun wanke kansu. Ka ce in haɗa ta kai tsaye da batir. Na ja waya biyu na haɗa. Ko gezau. Na sa yatsa na tura fiffikenta, na ji ta a cije, wani warin ƙonannen abu yana tashi daga cikinta, tsohon wari, ba na yau ba.

Na dawo taga. Leɓɓanka sun fara canza launi. Ka ce, “Sabuwar fanka ba ta mutuwa haka. Duba bayanta.”

Na koma na cusa kaina, ƙarfe yana ƙona min hannu. Babu jan fenti. Abin da na gani tsatsa ce da busasshen taɓo, da fiffike ɗaya mai tsaguwa. Notocin da ke riƙe da ita ne kawai ke ƙyalli, alamar sifana ta taɓa su kwanan nan. Na tsaya a wurin, zuciyata tana cewa in koma in ce na gani, fenti yana nan, ƙaddara ce kawai ta kashe ta. Amma kai ka koya min in faɗi abin da na gani ko da mai mota ba zai ji daɗi ba.

“Babu, Baba.”

Ba ka tambaye ni ko na duba da kyau ba. Ka dube ni, sannan ka mayar da idonka can wani wuri, ka lumshe. Na sha ganin ka cikin ciwo a watannin nan, amma ban taɓa ganin fuskarka ta faɗa irin ta wannan lokacin ba. Can ka ce, “Rufe bonet, Uwata. Ba tamu ba ce. Nemo mana wata motar.”

Na tsaya a tsakiyar titi da baƙaƙen hannuwa ina tare motoci. Na haya duk a cike, masu nasu suna ɗaga gilashi. Ban san iya lokacin da muka ɓata ba, na dai san inuwar gada ta matsa daga inda na fara ganin ta. Daga ƙarshe wata baiwar Allah mai ƙaramar mota ta tsaya, ta kwaso 'ya'yanta daga baya ta tara su a kujerar gaba, wasu masu dako suka taimaka aka ɗauke ka. Har yau ban san ko wace ce ba. A ƙofar asibiti ta sauke mu, kafin in juyo ta tafi.

Suka sa maka iska, suka yi iya yinsu. Na tare likita a baranda na tambaye shi ko da mun iso da wuri da abin ya canza. Ya ce ba zai iya ce min e ba, kuma ba zai iya ce min a'a ba. Wannan amsar nake kwana da ita nake tashi da ita.

Washegari da safe ka ɗan farfaɗo, har muka fara sa rai. Baffa ya shigo da ledar lemo a hannu, yana salati, yana cewa me ya sa ba a kira shi ba tun jiya. Na zuba masa ido. Ka yafito shi da yatsa, ya sunkuyo, ka janye abin iskar daga bakinka. Na matso, ina jiran in ji ka tambaye shi abin da ya sa. Abin da ka ce shi ne, “Auta, ka ɗaure wayar ƙasa da kyau a motar mutumin? Na san halinka da wayar ƙasa.”

Ledar ta zame daga hannunsa, lemo ya gangara ƙarƙashin gado. Sannan, da muryar da ban san shi da ita ba, ya ce, “Na ɗaure, Yaya.”

Ka ce, “To, madalla.” Ka mayar da abin iskar. Ba ka ƙara yi masa magana ba, ba ka kuma janye hannunka da ya riƙe ba. Ya fita ya ce zai sayo ruwa. Kafin ya dawo ka cika.

A kwanakin karɓar gaisuwa Baffa ne a gaba. Shi ake miƙa wa hannu, shi ake ba wa haƙuri, kukansa ya fi na kowa, kuma ban ce na ƙarya ba ne. Ina daga ciki ina jin ana cewa Allah sarki Auta, ya rasa uba. Na cije bakina. Ban san motar wa aka sa wa fankar ba, sai da mai ita ya kawo kansa. Mai gidan burodin da ke bayan gareji ne, dattijo mai kirki, motarsa irin taka ce sak. Ya nemi ganin mu ni da Inna, ya zauna daga bakin ƙofa yana share hawaye. Ya ce shi ba zai manta da alherinka ba. Fankar motarsa ta ƙone, an rasa irinta a kasuwa, burodi yana kwana ba a kai ba. Sai Baffa ya zo masa da wata sabuwa, ya ce kai ka aiko, wai ka ce a cire ta motarka a sa masa tunda kai kana kwance ba ka zuwa ko'ina. Ya ce ya biya Baffa ba tare da ya nemi ragi ba, ya kuma ba da saƙon godiya a kawo maka. “Yana kan gadon ciwo yana tunanin abincin wani,” in ji shi. “Irinsu sun ƙare.”

Ashe ba fankar kaɗai aka ɗauka ba, Baba. Har da sunanka aka ɗauka aka yi ciniki da shi, domin an san babu wanda zai yi shakkar ka aikata irin wannan alherin.

Na ce masa ina son in ga motar. Ya yi mamaki, amma ya raka ni waje. Ya buɗe bonet yana alfahari, ya tayar da inji don in ji. Ga ɗigon jan fentinka nan. Muna tsaye inji ya ɗauki zafi, fankar ta tashi da ƙuginta, iskarta tana kaɗa min mayafi. Na kau da kai ina share ido. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya, Allah ya sa ta yi masa ƙarko. Ban gaya masa komai ba. Ba shi da laifi, kuma ban ga amfanin ɗora wa dattijo kayan da ba nasa ba.

Bayan mutane sun watse na je gareji. Na tarar da Baffa zaune a kan bencinka, ba ya aikin komai. Na gaishe shi yadda na saba, domin ba ka haife ni don in yi wa ƙaninka rashin kunya ba. Tun kafin in buɗe baki ya fara. Ya ce aro ya yi. Ya ce mutumin ya matsa masa, shi kuma abubuwa sun yi masa yawa a gida, ya yi niyyar da zarar an kawo wata zai mayar, ba wanda zai sani. Ya ce motar a ajiye take, ba ta zuwa ko'ina.

Na ce, “A ajiye take don me, Baffa?”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Kin san ajali ne. Ko da fanka goma ce, in kwana ya ƙare ya ƙare.”

Na ce na sani. Na ce ban zo in ce shi ya kashe ka ba, wannan sanin yana wurin Allah. Na ce da ya zo ya tambaye ka, na rantse da ka ba shi, ka ce a nemo wata daga baya, mu kuma da mun san abin da muke ciki mun yi wani shiri. Amma ya durƙusa a gabanka ya ce motar ta tashi, ya karɓi albarkarka a kan haka, ya tashi ya karkaɗe wando. Kuma da ɗan numfashin da ya rage maka, a bakin titi cikin rana, da shi ka bi waya taku bayan taku har ka isa kansa. Wannan shi ne abu na ƙarshe da ka gano a duniya. Ya rufe fuska da tafukansa. Na jira in ji ya ce in yafe masa. Bai ce ba, ni ma na juya na tafi.

Na so in ɓoye wa Inna. Na zaci ta ɗauki maganarka ta asibiti a matsayin sambatun mai ciwo. Rannan muna ninke kayanka sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ni da nake riƙe da shi a bayan mota, kina zaton ban ji lokacin da jikinsa ya saki ba? Tun a wurin na sani.” Na tambaye ta me za mu yi. Ta ce ita ta dafa wa yaron nan abinci tun bai iya wanke hannunsa ba, ba za ta hana shi shiga gidan ba, amma kada a sa ran za ta ƙara kallon idonsa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kawo wani kwali daga gareji, sabuwar fanka a ciki, ba saƙo. Yana nan a bakin ƙofa inda aka ajiye shi. Motar ma an jawo ta gida, tana ƙarƙashin bishiya da matacciyar fankar wani a cikinta. Ban buɗe kwalin ba, kuma ban mayar ba.

Akwai ƙorafin da nake da shi a kanka kai ma, Baba, ka gafarce ni. Ka sani, ka yafe a cikin kalmomi kaɗan, ka tafi abinka da zuciya wankakkiya. Ka bar ni da abin da ban iya ɗauka ba kuma ban iya ajiyewa ba. Tun yana yaro kake tsayawa a gabansa kana shanye abin da ya jawo, har a gadon mutuwa damuwarka ita ce kada aikinsa ya ba shi kunya a motar wani. Wani lokacin nakan ce da ka bar shi ya sha zagin nan na farko da kansa, wataƙila da ya san nauyin abu. Sannan in tuna cewa wannan halin naka ne ya sa direban bas ya zo gaisuwa da 'ya'yansa duka, ya sa mutanen da ban taɓa gani ba suka cika layinmu, kowa da labarin ranar da ka tsaya masa a hanya. Ba zan iya son rabin halinka in ƙi rabi ba. Amma ni ban kai ka ba. Mutane suna cewa in yi haƙuri, jini ya fi ruwa kauri, kuma ina yi. Gaisuwa ba ta yanke tsakanina da Baffa ba, ba kuma za ta yanke ba. Abin da ya wuce gaisuwa ne ban san ranar dawowarsa ba, ba zan kuwa yi maka ƙarya in ce ya kusa ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san bai taɓa cewa lafiyayyen abu ya mutu don ya ci riba ba, ka san yawan waɗanda ya tarar a tsaye ya sa suka isa gida. Ka jiƙan sa, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi, ka mayar masa da numfashin da ya sha wahalar nema ya zama hutu. Ka haɗa shi da iyayensa a gidan aljanna. Baiwar nan taka da ta tsaya mana a gindin gada, ka tsaya mata a ranar da take neman mai tsayawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, abokiyar zamansa, wadda ta riƙe shi har ƙarshe kuma ta riƙe bakinta. Ina yi wa ƙannena, da jikokinsa da za su girma suna jin labarinsa a bakin mutane. Ina yi wa abokan sana'arsa, da duk direban da zai buɗe bonet gobe ya rasa wanda zai kira. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Kai ma, Baffa, ina yi maka ta'aziyya, kuma da gaske nake. Mu uba muka rasa, mun kuma san inda za mu kai kukanmu. Kai kuwa ka rasa mutum ɗaya tak a duniya da yake yafe maka tun kafin ka roƙa. Daga yanzu sai ka koyi roƙo. Allah ya ba ka ikon yi, ni kuma ya ba ni ikon amsawa in ranar ta zo.

Allah ya jiƙan ka, Baba.